Ƙyauren Bayan Mota In Ya Cije: Dalilinsa da Maganinsa

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a daga cikinmu ya ga abin da za mu yi magana a kansa. Mota ta iso daga ƙauye, ta sha ƙura, an cika ta da buhuna ko awaki. Yaron mota ya diro, ya zagaya baya don ya buɗe ƙyaure a sauke kaya, ƙyaure kuwa ya ce bai san zance ba. Ya ja, ya girgiza, ya sa ƙafa ya tokare. Da abin ya faskara sai ya duba ƙasa ya ɗauki dutse, ya dinga bugun sakata, masu kaya na tsaye suna jira, rana na yi. Can ƙyauren ya buɗe, kowa ya ce madalla, aka manta da zancen sai wata Juma'a.

To, dutsen nan bai gyara kome ba. Ƙara lanƙwasa abin da ya ke a lanƙwashe ya yi. Ƙyauren da ke wuyar buɗewa kuwa shi ne ke wuyar rufewa, kuma nan haɗarin ya ke. Sai a buga shi da ƙarfi, sakata ta kama rabi, a ɗauka ya rufu. Mota ta hau gargada, mutane na jingine da shi, ko yara na zaune a bakinsa, sai ya buɗe a tsakiyar tafiya. Waɗansunmu za a kai su aiki ƙauyukan da babu makanike kusa, inda mota ɗaya ce ke ɗaukar marar lafiya da hatsi da littattafan makaranta. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattara abin da muka koya game da wannan ɗan ƙaramin al'amari. Jigon maganarmu ɗaya ne: cijewa alama ce, tana da dalili, kuma a kan nemi dalilin kafin a sa ƙarfi.

Irin motocin da irin ƙyamarensu

Motocin da mu ke nufi su ne masu shiga daji da yashi da taɓo, waɗanda mutane ke kira jif, da 'yan'uwansu a-kori-kura masu buɗaɗɗen baya. Babbar kakarsu a ƙasar nan ita ce Land Rover. Bayan da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 ƙarfe ya yi wuya a Ingila, sai gwamnati ta raba wa masana'antu. Wani injiniya na kamfanin Rover, Maurice Wilks, ya tsara wata mota ta aikin gona, aka yi gindinta da ƙarfe, aka yi jikinta da alminiyum. An fara nuna ta a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu, 1948, ba a kuwa daina ƙera zuriyarta mai tsohuwar sura ba sai a Janairu 2016. Mutanen Japan suka biyo baya da Land Cruiser, wadda ta sami wannan suna a 1954, da Hilux a 1968. Peugeot kuma, wadda aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna a 1975, ta cika hanyoyinmu da a-kori-kura. Jikin waɗannan duka ƙarfe ne. Ku riƙe wannan bambanci na alminiyum da ƙarfe, gama za mu komo kansa.

Ƙyamaren iri uku ne. Akwai mai kwantawa ƙasa, wanda sarƙa ko waya ke riƙe da shi dama da hagu. Akwai mai buɗewa gefe kamar ƙofar ɗaki, sau da yawa da safayar taya a rataye a jikinsa. Akwai kuma mai rabi biyu, na sama ya ɗaga, na ƙasa ya kwanta. Ko wane iri ne, gaɓoɓinsa uku ne: hinji, watau ƙarfen da ƙyauren ke juyawa a kansa, da ƙusa a tsakiyarsa, sakata da mariƙinta, sa'an nan bakin ƙofa, watau ramin da ƙyauren ke shiga ya zauna. Cuta ba ta wuce ɗaya daga cikin ukun nan.

Abokan gaba huɗu

Na fari ƙura. Wudil na bisa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wajen mil 25 daga Kano, hanyar kuwa kwalta ce. Amma da mota ta sauka ta nufi gonaki da rugage, ko ta gangara bakin kogi ɗaukar yashi, sai burji da rairayi. In mota na gudu iska kan naɗo ta bayanta, shi ya sa bayan mota ya fi gabanta shan ƙura. Da hunturu kuma ga hazo mai laushi kamar gari, babu kafar da ba ya shiga. Ƙurar nan ƙananan duwatsu ce. In ta haɗu da tsohon giris sai ta zama kamar tokar da a ke goge tukunya da ita, ta riƙa cin ƙusar hinji, daga baya ta daskare ta riƙe ta.

Na biyu tsatsa. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya sami ruwa da iska tare. Damina kan kawo ruwan, tun ba cikin Agusta ba, masu wanke mota a bakin kogi kuma su ƙara. Abin lura shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye. Tsakanin ƙusa da bututun hinji kuwa 'yar kafa ce da ba ta wuce kaurin takarda ba. Da tsatsa ta kumbura a ciki sai ta cika kafar, ƙusa ta kafe. Gishiri da takin zamani da fitsarin dabbobi duk suna gaggauta ta, su ne kuwa kayan da motocin kasuwarmu ke ɗauka kullum.

Na uku ya shafi masu jikin alminiyum. Alminiyum ba ya jar tsatsa, amma yana da tasa cutar. A 1800 wani masani na ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya jera faifan ƙarfe iri biyu, ya sa tsumma jiƙe da ruwan gishiri tsakaninsu, wutar lantarki ta fito. Wannan ne asalin batir. To, duk inda aka ɗaure hinjin ƙarfe a jikin alminiyum, ruwa mai gishiri ya shiga tsakani, an yi ɗan ƙaramin batir ke nan, alminiyum ɗin kuwa shi ke cinyewa. Alamarsa wani farin gari da ke fitowa kewaye da noti, fenti kuma ya yi ƙuraje. Garin nan kan kumbura ya ture hinji daga mazauninsa. Kanwa da siminti su ma suna cin alminiyum in sun jiƙe, sai a kula da buhun kanwar da a ke kai wa shanu.

Na huɗu karkata. Jikin mota ba dutse ba ne, yana murɗewa. In aka cika kaya fiye da kima, bangon dama da na hagu su kan buɗe, ko kaya su danne ƙyaure har ya yi ciki. In an taɓa bugun motar ta baya, bakin ƙofa kan karkace. Mai buɗewa gefe kuma nauyin safaya kan ja shi ƙasa. Ku ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinku, sa'an nan ku miƙa hannu da shi, za ku ji yadda kafaɗa ke ɗaukar wahala. Hakanan hinji ke ji da tayar nan, ga kuma gargada na jijjiga ta dare da rana. A hankali ƙyauren ya sunkuya, gindinsa ya riƙa gugar dokin ƙofa.

Bincike kafin gyara

Mai magani na kirki ba ya ba da sassaƙe sai ya tambayi inda ke ciwo. Mu ma haka za mu yi. A sauke kaya duka tukuna, a kai motar wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. Wannan shi ne aikin dutse a sha'anin nan, ba shi da wani. Sa'an nan a gwada ƙyauren a hankali, ana duban abu huɗu.

In da kaya ya cije, da aka sauke kuwa ya buɗe salin alin, to, laifin lodi ne. Hakanan in ya cije sa'ad da ƙafa ɗaya ta motar ke cikin rami, amma a fili ya buɗe, murɗewar jiki ce, sai direba ya gyara tsayuwa.

In mariƙi ne ya ƙi motsi, ko ya motsa amma sakata ba ta saki ba, cutar na cikin sakata.

In sakata ta saki, ƙyauren ya riƙe a farkon buɗewa kaɗai, da ya fita daga bakin ƙofa kuwa ya tafi sumul, to, guga ce, wani wuri na taɓa wani.

In kuwa tun daga farko har ƙarshe yana da nauyi, yana kuka kamar ƙofar tsohon zaure, hinji ne.

Don gane inda ke guga, alli ya isa, ga shi kuwa ba mu rasa shi. A shafa alli a gefen ƙyauren duka, a rufe, a buɗe. Inda allin ya goge, ko ya koma jikin bakin ƙofa, nan ne. Don gane karkata kuma sai a tuna da darasin lissafi. In kusurwoyi huɗu na ƙofa daidai su ke, zaren da aka ja daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu tsawonsa ɗaya ne da wanda aka ja daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. A auna duka biyu. In bambancin ya kai kaurin yatsa, bakin ƙofa ya karkace, mai kuwa ba zai yi maganinsa ba ko an zuba galan guda.

Gyaran hinji

Kayan aikin ba su da yawa: kananzir, buroshin waya ko tsohon buroshin haƙori, tsumma, sanfefa, sifana, ƙaramar guduma, guntun katako, baƙin mai sabo, da giris kaɗan. Aikin mutum biyu ne, gama ƙyauren ya fi yadda a ke zato nauyi. A tokare shi da benci ko durom kafin a taɓa sarƙa ko noti, kada ya faɗo a ƙafar wani.

A fara da wanki. A goge busasshiyar laka da tsohon giris da buroshi, a wanke da kananzir. Wanda ya zuba sabon mai bisa tsohuwar ƙura ya ƙara wa tokar nan ruwa ne. Bayan wanki a ɗiga kananzir a bakin ƙusa, ko a fesa man gwangwani irin su WD-40, a bar shi ya ratsa. In tsatsar ta yi nisa a bar shi ya kwana, a ƙara da safe. Sa'an nan a riƙa motsa ƙyauren gaba da baya, kaɗan kaɗan, ana ƙara nisa. Za ku ga jan ruwa na tsattsafowa daga hinji, tsatsar ke nan ke fita. A goge, a ƙara, har ruwan ya fito fari.

In ƙusar mai fita ce, gara a fitar da ita. A ɗora wani siririn ƙarfe a gindinta a buga a hankali, kada a bugi kanta kai tsaye, domin in kan ya baje ba za ta sake ratsa bututu ba. Waɗansu motocin ma ƙyauren duka kan zare daga hinji in an kwantar da shi an tura gefe. A goge ƙusa da sanfefa har ta yi haske, a naɗe sanfefa a kara a goge cikin bututun. A duba ta da kyau. In ta lanƙwashe, ko ta cinye ta yi ƙugu kamar kalangu, ta gama aiki, a nemi wata wurin masu kayan mota, a nan ko a Ƙofar Ruwa a Kano. In lafiyarta lau, a shafa mata giris, a mayar, kana a share duk wanda ya fito waje. Giris na ciki shi ke aiki, na waje kuwa ƙura kaɗai ya ke kira. A sani kuma kananzir da man feshi masu wanki ne, su kan bushe cikin 'yan kwanaki. In ba a bi bayansu da giris ko baƙin mai ba, tsatsa za ta komo.

In an ga farin garin nan na alminiyum, a kwance hinjin, a kankare garin, a shafa fenti a fuskokin biyu, a sa 'yar roba ko leda mai kauri tsakaninsu, kana a ɗaure. Da an raba ƙarfen biyu batir ya mutu.

Gyaran sakata

Sakatar tsofaffin motoci a fili ta ke, ƙugiya ce ko 'yar ƙusa mai faɗawa cikin kunne. Wanki da ɗigon mai sun ishe ta, in kuwa duwatsun Juma'a sun lanƙwasa kunnen sai a miƙe shi a hankali, da katako tsakaninsa da guduma. Ta sababbin motoci a ɓoye ta ke. Mariƙi na tsakiya, waɗansu siraran sanduna biyu sun tashi daga gare shi zuwa sakatar dama da ta hagu. A kwance faifan da ke rufe da su ta ciki, a ja mariƙi ana kallo. Sau da yawa za a tarar sanda ɗaya ta kuɓuce daga 'yar robar da ke riƙe da ita, gefe ɗaya na saki, ɗaya na riƙe. A mayar da ita, a wanke sakatun, a sa mai kaɗan.

Ramin makulli kuwa ba a cika shi da giris. Baƙin da ke cikin fensir yana da santsi, ba ya kuwa kama ƙura. A goga fensir mai laushi a haƙoran makulli, a sa, a juya, a fitar, a maimaita sau uku ko huɗu.

Gyaran guga da karkata

Ƙarfen da sakata ke kamawa a jikin mota, da hinji kansa a motoci da yawa, ramukan notinsu na da ɗan faɗi, da gangan aka yi su haka don a iya matsar da su. Kafin a kwance a zagaye mazauninsu da fensir, don a san inda aka taso. A sassauta noti, kada a cire, a matsar kaɗan, a ɗaure, a gwada. Ga mai buɗewa gefe, a sauke safaya tukuna, ɗaya ya ɗaga bakin ƙyauren, ɗaya ya ɗaure. In an ɗaga an ji yana ƙwas ƙwas, ƙusa ta cinye, matsarwa ba za ta yi amfani ba sai an sake ta. Ƙyauren da ya zauna daidai, tsagar da ke kewaye da shi faɗinta ɗaya ne ko'ina, kuma hannu ɗaya ya isa rufe shi. Robar bakin ƙofa in ta bushe tana kamawa, a wanke ta da ruwa da sabulu. Inda ƙarfe ke ɗan shafar ƙarfe a goga kyandir.

Amma in zare ya nuna bakin ƙofa ya karkace, ko an ga tsaga a inda hinji ya kama jiki, ko tsatsa ta huda wurin, aikin ya fi ƙarfinmu. A kai wa mai gyaran bodi ko mai walda. Sanin inda iyakar mutum ta ke shi ma ilmi ne, gama ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abubuwan da ba a yi

Kada a sa man gyaɗa ko man shanu a hinji. Ran farko za a ji daɗi, amma iska da zafi kan mai da su danƙo. Kada a zuba man birki, ko da ya ke waɗansu na yi, domin yana cin fenti, inda fenti ya tashi kuwa tsatsa ta sami ƙofa. Kada a shafa baƙin mai a roba, yana kumbura ta. Kada a sa ƙarfe a ɓanɓare ƙyaure.

Wuta kuma a bar wa masu ita. Gaskiya ne zafi kan saki ƙusar da ta kafe, amma ƙarfe kan yi ja ya yi gargaɗi tun da nisa, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500. Alminiyum kuwa a digiri 660 ya ke narkewa, ba ya kuwa sake launi, sai dai a ga rami. Ga kananzir da aka zuba, ga tankin mai a kusa a motoci da yawa. Sandunan nan masu ɗaga ƙyauren sama kuma iska ce a matse cikinsu. In sun gaji a sake su, ba a huda su, ba a gasa su.

Rigakafi

Sau biyu a shekara ya isa a yi babban wanki da sabon giris: in damina ta ɗauke, da kuma in hunturu ya wuce. Tsakanin haka, ɗigon mai sau ɗaya a wata, da share bayan mota duk ran da aka ɗauki gishiri, ko taki, ko kanwa, ko dabbobi. A duba sarƙa ko wayar da ke riƙe da ƙyaure, in waya ta fara tsintsinkewa a sake ta tun ba ta yanke da mutum a kai ba. A wajen lodi a sa masu nauyi gaba, kada a jingina su da ƙyaure. Kafin a tashi kuma a ja ƙyauren da hannu, dama da hagu, a tabbata sakatu biyu sun kama.

Ga waɗanda za su riƙe aji daga cikinmu, ga gwaji mai arha. A sami kwalabe uku da ƙusoshi uku sababbi. Ɗaya a bar ta a busasshiyar kwalba a toshe, ɗaya a sa mata ruwa ya kai rabinta, ɗaya kuma a shafe ta da giris kana a sa mata ruwan. A ajiye a taga mako guda, yara su riƙa dubawa ko wace safiya suna rubuta abin da suka gani. In an ƙara kwalba ta huɗu mai ruwan gishiri, su da kansu za su faɗi abin da ya sa motar mai gishiri ta riga ta mai gero lalacewa. Sa'an nan a ba su zare su auna ƙofar aji, kusurwa zuwa kusurwa.

Mu dai mun gwada abin da muka faɗa a jikin wata tsohuwar a-kori-kura da ƙyaurenta ya shekara yana shan dutse. Muka wanke hinji ran Laraba da yamma, muka bar kananzir ya kwana, ran Alhamis muka fitar da ƙusa muka goge, muka miƙe kunnen sakata. Abin da muka kashe bai wuce kwalbar kananzir da cokali biyu na giris ba. Mun zaɓi Laraba da gangan, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ran Juma'a yaron motar ya buɗe ƙyauren da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da igiyar akuya.